Ƙotar bindigar gado

A zangon Gushegu akwai gidajen da ba su gaji littafi ko shanu ba, sai doguwar bindigar toka. Gidanmu na cikinsu. Mahaifinmu maharbi ne dogo, an sassaƙa ƙotar bindigarsa daidai damtsensa. Da ta zo hannuna sai ta ƙi ni: in na kafa gindinta a kafaɗa, yatsana ba ya kai wa kunama, kumatuna kuma ba ya samun mazauni. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Irin wannan bindiga ta bakin teku ta shigo, daga Turawa 'yan ciniki, ta haura arewa ta hannun Asante. A wurinsu Dagomba suka ɗauki tsarin Kambonsi, mayaƙan bindiga. A yaƙin Adibo kusa da Yendi, a 1896, da ita suka fuskanci Jamusawa, kuma jinkirin ɗura albarushi ta baki na cikin abin da ya karya su. Yau Kambonsi a bikin Damba ƙara suke nema, ba su damu da saiti ba. Maharbi kuwa harbi ɗaya gare shi, in ƙota ba ta zauna ba, dabba ta tafi, ƙashin wuya ya sha duka.

Kawuna ya ce kada a taɓa ta, wai rage itacen mamaci rage darajarsa ne. Tsohon masassaƙin da na kai wa ya ce: “Ɗana, mahaifinka ma don jikinsa aka sassaƙa ta. Bindigar da ba a ɗauka, gara ce magajiyarta.”

Kafin komai ya zura sandar ɗuri ya tabbatar babu kome a ciki, sannan ya raba ƙarfe da itace. Ya auna daga lanƙwasar gwiwar hannuna zuwa gaɓar yatsa, ya yanke faɗin yatsu biyu daga gindi. Mazaunin kumatu ya rage shi da gizago kaɗan-kaɗan, yana miƙo mini in gwada, domin itacen da aka cire ba ya komawa. Ya bi da magagari, ya kankare tsohuwar dauɗa da fasasshiyar kwalba, ya shafa ruwa gashin itacen ya tashi, ya sake gogewa. Wata tsaga da ke wuyan ƙotar ya ɗaure ta da ɗanyar fata, ta bushe ta matse. Daga nan sai man kaɗanya, shafa bisa shafa har mako guda, a inuwa, nesa da iskar hunturu.

Wuri ɗaya na roƙa a bari: ɗan lotsawar da babban yatsan mahaifina ya yi a shekarun farauta. Yatsana na faɗawa ciki daidai.

Na san cewa a Bawku kalmar bindiga makoki take tunatarwa, kuma dokar Gana ba ta yarda a riƙe ta babu lasisi ba. Shi ya sa tamu take da takarda, daji kaɗai ta sani. Mu da kakanninmu suka biyo hanyar goro zuwa Salaga, haka muka yi da harshenmu da al'adunmu: an rage nan, an ƙara can, har suka zauna a kafaɗar wannan ƙasa, sawun magabata kuma yana nan. Allah Ya jiƙansu da rahama.