Neman Makwanci a Ƙarƙashin Zira'a

Sau ɗaya a shekara, a daren 13 ga Disamba zuwa wayewar garin 14, duniya takan ratsa ta cikin ƙura da tsakuwoyin da wani dutsen sararin samaniya mai suna Phaethon ya zubar a kan hanyarsa. Tsakuwoyin, waɗanda mafi yawansu ba su fi ƙwayar gero ba, sukan kutso cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun kilomita 35 a sakan guda, su ƙone tun suna can sama da nisan kilomita 80 zuwa 100. Wannan ne Bahaushe kan gani ya ce tauraro ya faɗi, malamai kuma su ce jifa ce ake yi wa shaiɗanu masu satar sauraro. A irin wannan dare, idan sama ta yi garau, mai kallo zai iya ƙirga fiye da ɗari a awa guda.

Wani malamin labarin ƙasa ɗan asalin Kurya Madaro, mai koyarwa a Kaura Namoda, ya ƙudurta a 2023 cewa zai kwana a waje ya ga wannan zubar taurari tare da 'ya'yan yayansa biyu. Zaɓen lokaci bai ba shi wahala ba. Akwai wata zubar a ranakun 12 da 13 ga Agusta, wadda mutanen Turai suka fi ɗoki, amma a arewacin Zamfara wannan tsakiyar marka ce, gajimare ba ya barin kowa ya ga komai. Ta Disamba kuwa ta zo a rani, kuma a waccan shekarar ta dace da ɓatan wata, babu farin da zai dusashe ta. Abin tsoro ɗaya shi ne hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda kan rufe gefen sama ya bar tsakiyarta. To, tsakiyar ake bukata. Taurarin suna fitowa ne daga kusa da tagwayen nan masu haske da masu lissafin taurarin noma ke kira Zira'a, kuma da misalin ƙarfe 2 na dare Zira'a takan hau can ƙololuwa, ta ɗan karkata arewa.

Wurin kwana shi ne ya zama aiki. Ƙa'idar masana ba ta da wuya: a nisanci fitilun gari, a sami tudu wanda itatuwa ba su tare ba, a bar ido ya saba da duhu na minti 20 zuwa 30. Da wannan ma'auni, ƙasar da ke tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi tana da abin da mazaunin Landan zai yi tafiyar awoyi yana nema. Sai dai duhun nan yana da masu shi. Duk inda ya fi kyau ga mai kallon sama, nan ne ya fi kusa da dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu, inda 'yan bindiga suka yi kaka-gida. Mutanen yankin ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, kuma Kurya ita kanta ta ɗanɗana hari.

Ya fara tunanin yashin gulbin Gagare, wanda kan janye da rani ya bar shimfiɗa mai laushi. Nan take ya watsar: kwari ne, sanyi da raɓa sun fi taruwa a can, kuma busasshen gulbi hanya ce ga wanda ba ya son a gan shi a kan titi. Zuciyarsa ta fi kwanciya da wata tsohuwar masussuka a kan tudu bayan gari, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ƙasarta a daɓe take, babu kaikayi sai a gefe, ido na kaiwa ko'ina. Har ya haɗa jakar goyo da tabarma da bargo biyu da buta da gorar shayi, sannan ya je sallamar kawunsa.

Tsohon ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Ɗana, mi kaka biɗa ga daji da dare wanda babu shi bisan soro?"

"Kawu, duhu nake nema."

"Duhu kau akwai shi cikin gari. Ɗiyan mutane za ka ɗauka. In an tambaye ka, taurari za ka ce?"

Wanda ya yi wannan magana ba jahilin sama ba ne. A wannan masussukar ya koyi sunayen taurari yana yaro, lokacin da ake kwana gadin dammunan gero har a gama ɗauka: Kaza da 'ya'yanta, da Zara matar wata, da jerin Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa waɗanda manomi ke auna damina da su. Ilimin taurarin Bahaushe a kwanan waje aka same shi, wajen manoma da makiyaya da fatake, kuma a kwanan waje ake miƙa shi, ana nuni da yatsa. Mai nazarin Hausa na iya tattara sunayen a takarda da rana tsaka, amma yaron da aka rufe wa ƙofa tun bayan isha'i zai haddace Zira'a bai taɓa sanin wace ce ita a sama ba.

Saman soron gidansu aka zaɓa. Shi ma bai zo a sauƙaƙe ba. A garin da kowa ke zargin kowa da zama infoma, mutumin da aka hanga a kan rufi da ƙarfe 2 na dare yana iya rasa ransa kafin ya yi bayani. Don haka malamin ya je wurin mai unguwa da rana, aka sanar da 'yan sa-kai. Masana sukan ce a rufe tocila da jan ƙyalle don kada ta ɓata ido. A nan jan haske a kan soro zai yi kama da ishara, sai aka bar tocila a ƙasa baki ɗaya, aka kashe waya. Fitilar sola da ke ƙofar masallaci kuwa, da tabarma aka kare ta, aka jingina a bakin rawanin soro.

Sun kwanta rigingine, ƙafafu na kallon kudu. Hazo ya cinye gefen sama, katangar maƙwabta ta cinye wani ɓangare, abin da ya rage bai kai rabin abin da masussuka za ta bayar ba. Duk da haka taurarin sun zubo, farare, ba su da gaggawa, wani lokaci biyu a jere, wani lokaci a yi shiru har yaran su fara gyangyaɗi. Can wajen ƙarfe 3 sai ga kawu ya hawo da bargonsa, yana ƙorafin gwiwa. Ya kama hannun ƙaramin yaron ya ɗaga, ya ɗora yatsansa a kan tagwayen, ya faɗi sunansu. Suna nan har gamzaki ya ɓullo ta gabas, ladan ya yi kiran assalatu.