Wata huɗu ina gardama da bango

A farkon 2015 ina karatu a Dresden, gabashin Jamus, daidai lokacin da ƙungiyar Pegida ke tashe. Duk Litinin da yamma sai su cika tsakiyar gari da tutoci, wai Musulunci zai haɗiye Turai. Ranar 12 ga Janairu 'yan sanda suka ƙiyasta su dubu 25. Ni kuwa, Bakano mai ɗan gemu da guntun Jamusanci, sai na faɗa cikin ɗaliban da ke fitowa zanga-zangar kishiya, masu ra'ayin sauyi, waɗanda da a gida ne da mun ce jikokin NEPU ne.

Akwai wata gardama a tsakaninsu da ba ta ƙarewa. Wasu sun ce mai ƙyamar baƙi ba a zama da shi, sai dai a tare masa hanya. Wasu sun ce ai mutum ne, a yi masa magana. Na bi na biyun, kuma da girman kai na bi su. Gani nake ni da na taso ina sauraron muƙabalar malamai a kaset, wane Bature ne zai gagare ni?

Sai na zaɓi wani mutum a Facebook mai dubban mabiya, wanda kullum maganarsa ɗaya, baƙi ne suka kawo sata da fyaɗe. Wata huɗu ina kansa. In na dawo gida sai in baje ƙamus, in tono alƙaluman hukuma, in gyara nahawu, in aika. Shi kuwa layi ɗaya zai jefo min, mabiyansa su ɗauki shewa. Na daɗe kafin in farga cewa talla nake masa. Duk amsar da na rubuta ƙara tura rubutunsa take gaban jama'a, kuma na zame masa abin nuni: ga Musulmin nan ya dawo. 'Yan kallo yake wa magana, ni dai sanda ce a hannunsa. Mutumin da sunansa da abincinsa suka rataya a kan aƙida ba zai sauke ta a bainar jama'a don wani ɗalibi ya kawo lissafi ba.

Wannan asarar lokaci ce kawai. Abin da ke ci min rai har yau daban ne. A wani ɗakin ajiyar kaya da nake ɗan aikin ƙarshen mako akwai wani saurayi, da ƙyar in ya kai shekara 20, tare muke ɗaga kwalaye. Yakan tambaye ni me ya hana ni cin naman alade, ko da gaske ne dole ake wa mata lulluɓi. Tambayoyi ne masu kaushi, amma na mai son sani. Wata Litinin na hango shi cikin 'yan Pegida riƙe da tuta, tun daga ranar na ɗauke masa gaisuwa. Sau biyu yana zuwa ya zauna kusa da ni lokacin hutu, ni kuma in ɗauki burodina in sauya benci. Dare na yi kuma in koma wa mutumin Facebook, ina jin kaina jarumi.

Daga baya na karanta labarin Derek Black a Amurka. Mahaifinsa, Don Black, shi ya kafa Stormfront a 1995, babban dandalin masu fifita farar fata a intanet. Da asirin Derek ya tonu a kwalejinsu ta Florida, yawancin ɗalibai suka ƙaurace masa. Sai wani ɗalibi Bayahude, Matthew Stevenson, ya dinga gayyatarsa cin abincin daren Juma'a, ba tare da wa'azi ba. A 2013 Derek ya fito fili ya bar aƙidar. Ƙauracewar ta sa ya ji zafi, teburin abincin ya ba shi wurin komawa. Ni na iya ƙauracewa, teburin ne na hana.

A nan Jamus ma, ƙungiyar EXIT da tsohon ɗan sanda Bernd Wagner da tsohon ɗan Nazi Ingo Hasselbach suka kafa a 2000 ba muhawara take shiryawa ba. Jira take mutum ya nemo ta da kansa, sannan ta taimaka masa da tsaro, da sauya muhalli in ta kama. A 2011 sun raba riguna 250 kyauta a wani taron kiɗan 'yan Nazi a Gera. Sai da aka wanke rigar, mutum yana shi kaɗai a gida, sannan zanen ya goge, saƙon tayin taimako ya bayyana. Sun san inda ake sauya zuciya, ni ne ban sani ba.

Ba cewa nake kowa a zauna da shi ba. Waɗanda suka yi ta jifa a gaban masaukin 'yan gudun hijira a Heidenau, kusa da mu, cikin Agustan 2015, ba hira suka zo ba, 'yan sanda da taron masu kare wurin ne maganinsu. Kuma babu mai hurumin ɗora wa baƙon da ake farauta nauyin shiryar da mafarautansa. Amma ni ba farautata yaron nan yake ba. Tambaya yake, kuma wataƙila ni kaɗai ne Musulmin da ya taɓa zama da shi.

Ranar da zan ajiye aikin na nemi in yi masa sallama, aka ce ai ya fi wata biyu da barin wurin. Mutumin Facebook kuwa, da na leƙa bara, yana nan yana rubutunsa.