Sifilin da Babu Shi

Akwai wata ƙa'ida a lissafi da ɗaliban lise ke haddacewa: idan layi ya tashi daga saman sifili ya ƙare a ƙasansa, to dole ya taka sifili a wani wuri. Bernard Bolzano ne ya kafa hujjarta a birnin Prag a 1817. Ko ba da hujja ba hankali ya ɗauka, don wanda ya bar garinmu Mallawa aka gan shi a kasuwar Maigatari, ko bai faɗa ba an san ya ƙetare iyaka. Sai dai ƙa'idar tana da sharaɗi guda, wato layin ya zama ba ya yankewa. Wannan sharaɗin na tsallake a gaban yara, da alli a hannuna.

Hutun damina ne, yaranmu da ke karatu a Magarya da Damagaram sun dawo gida, masu shiga ajin Bak sukan taru a zaure mu yi bita. Na rubuta musu tanjant na digiri 80, wato 5,67, sannan na digiri 100, shi ma 5,67 amma ƙasa da sifili. Na ce tunda alama ta juya, ai akwai kusurwa a tsakani wadda tanjant ɗinta sifili ne. Har na ja layi daga ɗigon sama zuwa na ƙasa, ya ratsa kan 90 daidai. Kowa ya kwafa. Can sai ɗiyar ƙanwata ta ce, "Kawu, na danna 90 ɗin, kalkuleta ta ƙi ba ni amsa." Na ce mata na'urarta ce ta rikice, ban ma karɓa na duba ba. Kuskuren allo na gaggawa ne, wannan kuwa girman kai ne tsagwaronsa.

Da dare na zauna ni kaɗai ina dannawa. Digiri 85 ya ba ni 11,43, digiri 89 ya haura 57, da na matsa zuwa 89,9 sai ga kusan 573. Lambar da na ce tana gangarowa wajen sifili, ashe gudunsa take yi. A 90,1 kuma sai ta ɓullo a 573 ƙasa da sifili. Dalilin bai da wuya: tanjant sinus ne aka raba da kosinus, kosinus na digiri 90 kuwa sifili ne, kuma ba a raba abu da sifili. A 90 tanjant ba shi da ƙima sam, haka a 270, haka bayan kowane digiri 180.

Abin da ya fi ba ni kunya, wannan giɓin muna ganinsa da ido a garinmu. Mallawa tana wajen digiri 13 arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka rana tana bi ta tsakar kanmu sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da bayan tsakiyar Agusta. Kafa sanda a tsaye a irin ranar, ka raba tsawonta da tsawon inuwarta, amsar ita ce tanjant na kusurwar da rana ta yi sama. Da hantsi inuwa tana yamma, tana ta gajarta, lambar tana ta girma. Rana na kaiwa tsaka inuwa ta shige ƙarƙashin sanda, babu abin da za a raba da shi. Jim kaɗan ta fito ta gabas, alama ta juya. Malamanmu masu duban zawali da inuwa sun san wannan lokacin sarai, kuma daga irin wannan awon ne Habash al-Hasib ya tsara jadawalin inuwa a Bagadaza a ƙarni na 9.

Washegari na sa kowa ya soke layin da hannunsa, na ba yarinyar haƙuri a gabansu. Yaro ɗaya ya riga ya koma ƙauyensu da kuskuren a littafi, sai ranar kasuwa na aika masa da gyara.

Muka sake darasin daga tushe. Kafin a zana komai, a mayar da abin kashi na sama da na ƙasa, a nemo inda na ƙasan ya zama sifili, sannan a leƙa wurin ta hagu da ta dama. Kotanjant, wato kosinus a raba da sinus, yana yankewa a 0 da 180, inda sinus ke zama sifili. Kuma ba kowane giɓi ne rami ba: sinus na x a raba da x, idan da radiyan ake awo, ba shi da ƙima a sifili, amma ta kowane gefe yana kusantar 1, huda ce ta ɗigo guda da ake iya toshewa. Na ba su tanjant sau kosinus su gwada. Yawancinsu suka rubuta sinus suka ajiye alƙalami. Sinus ɗin ne, amma da huda a 90 da 270, domin tanjant ɗin da aka ninka babu shi a waɗannan wuraren.