Hannun Da Ke Baya

Ku yi mini afuwa, wannan makon ba ci gaban labarinmu na kawo ba. Wata 'yar kunya na sha, na ga gara ku ji daga bakina.

A wani littafina na sa jarumin, attajiri ɗan gayu, yana buga ƙwallon lambu, wato golf, don ya burge budurwarsa. Na rubuta cewa ya ɗaga sanda, ya tattara ƙarfinsa a hannun dama, ya maka wa ƙwallo kamar mai faskare. Alhali ni a talabijin kawai na taɓa ganin wasan. Ran nan ina zaune a shagon mai sayar da littattafaina sai ga wani dattijo da ya shekara da shekaru yana ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna. Ashe 'yarsa ta karanta masa littafin. Ya ce, "Malam, in dai haka Alhajin nan naka ya yi bugu, sai dai a tsinto ƙwallon a cikin ciyawa."

Na so in yi gardama, ya ce in same shi a fili ranar Asabar. Na je.

Mai bugu da dama, kafaɗarsa ta hagu ce ke fuskantar inda ƙwallo za ta, don haka hagu ne a gaba, dama a baya. Bugun farko na sare ƙasa. Na biyu ƙwallon ta karkace ta yi dama abinta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ka taɓa ganin ɗan damben da ya saki hannun da ya ɗaure tun bai kai ga mutum ba?"

Sannan ya kama gwiwar hannuna ya nuna mini. In sanda ta tashi baya, hannun dama lanƙwashewa yake yi, gwiwar na kallon ƙasa, tafin na kallon sama kamar yarinyar da ta tallabi farantin talla. In za a sauko kuwa, ƙugu ne ke fara juyawa, gwiwar ta biyo ta gaban ƙugun dama, hannun yana nan a lanƙwashe. Har lokacin da sanda ke taɓa ƙwallo bai gama miƙewa ba, sai ta wuce. Ni kuwa tun daga sama nake miƙe shi, ƙarfin ya zube a iska, sandar ta shigo ta waje ta yanki ƙwallon a kaikaice.

Na ce, "To Baba, ashe dama ba ta da aiki ke nan?" Ya ce ita ce ma mai aikin, gaggawarta ce ba a so. Daga baya na ga Ben Hogan, a littafinsa na 1957, ya kwatanta motsin da jifan da ake yi ta gefe, ƙasa-ƙasa. Shi kuwa Jack Nicklaus gwiwarsa takan yi nesa da jiki in ya kai sama, amma tana dawowa wurinta kafin bugu, kuma da haka ya ci manyan gasa 18.

Wallahi hannun nan da na yi shekaru ina rubutu da shi bai san haƙuri ba. Cikin ƙwallaye kusan 30, biyu kacal suka tashi sosai, kuma a duka biyun ji na yi kamar ban sa ƙarfi ba. Na kwana uku gwiwar na yi mini zogi.

Shafin nan dai na gyara shi don bugu na gaba. Baba ya ce in kai wa 'yarsa ta karanta masa tukuna, kafin in miƙa wa maɗaba'a.