Waya Ma Tana Da Iyakar Lodinta

Duk wanda ya san bakin kogin Binuwai a garin Lau ta Jihar Taraba ya san kwalekwale yana da iyakar lodin da zai ɗauka. In ruwa ya fara shiga, matuƙi mai hankali yakan zubar da abin da za a sami madadinsa a gaɓa, ya tsira da mutane da jari. To, wayar hannu ma haka take.

Da yawa daga wayoyin masunta da manoman shinkafa masu araha ne, ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta wuce gigabait 1 ko 2 ba. Saboda irinsu ne kamfanin Google ya fito da Android Go a 2017. Kowace manhaja kuwa takan riƙe hotuna da shafukan da ta riga ta ɗebo, watau ajiyar wucin gadi, don kada ta sake neman su a intanet. Dabara ce mai kyau inda data ke da tsada, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa.

Amma Android yakan aika wa manhajar da aka bari a bayan fage saƙo cewa ta rage kaya. In wuri ya ƙure duk da haka, sai ya shiga rufe irin waɗannan manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Nan ɓarnar take. Manomi yana cikin cike takardar neman rancen taki, ya buɗe kyamara don ɗaukar hoton katinsa, ya dawo ya tarar duk abin da ya rubuta ya ɓace. Sai ya zagi wayar, alhali laifin na wanda ya ƙirƙiri manhajar ne, da bai koya mata adana rubutu da sakin ajiya ba. Da alama bai taɓa gwada aikinsa a ƙaramar waya ba.

Goge hotuna kuwa fili yake buɗewa a ma'ajiya, ba ya ƙara ƙwaƙwalwar aiki. In an kai waya wurin mai gyara a Jalingo, a sa ido kan abin da zai danna. Share ajiyar wucin gadi ba ya cutarwa, amma share bayanan manhaja yakan tafi da saƙonni da lissafin bashin da ke ciki, muddin ba a ajiye kwafinsu a wani wuri ba.