TAFARNUWA A KASUWAR FILINGE

Wanda ya taso daga Yamai ya bi hanyar Balayara, ya wuce Bonkuku, bayan tafiyar wajen kilomita 180 sai ya iso Filinge, babban garin ƙasar Kurfai. Garin yana cikin kwarin Dallol Boso. Tsohuwar hanyar ruwa ce da ta ƙafe tun zamanin da, amma har yanzu ruwa bai yi nisa a ƙarƙashin ƙasa ba.

Ran Lahadi kasuwa take ci. Tun da safe Kurfayawa suke shigowa da hatsi da wake bisa jakuna da amalanke. Fulani da Buzaye suna koro bisashe. Ga jajayen shanun Azawak masu yawan nono, irin waɗanda ake kiwo a Tukunus, arewa da gari. Mata suna zaune da ƙoren nono da man shanu.

A rumfar ƴan kayan miya akwai albasa da tattasai da daudawa. Gefe guda ga tafarnuwa an kasa ta kashi kashi. A ƙasarmu Nijar, garake na duwatsun Abzin sun yi suna wajen noman ta. Uwargida ta saya ta daka a miya, mahauci ya sa a yaji.

To, yanzu tafarnuwa ta sami wata sabuwar riga. Masu tallar magani a faranti suna yawo da ita cikin kwalba, an mai da ta ƙwayoyi. Suna cewa tana wanke kitsen jini, tana kashe hawan jini, tana gyara zuciya. Mutum ya ji haka, sai ya kwance bakin aljihu. Shin gaskiya ne?

Kitsen jini shi ne likitoci suke kira kwalastarol. Kowa yana da shi, jiki ma yana bukatar sa. In ya yi yawa sai ya riƙa manne wa a hanyoyin jini, kamar yadda laka take toshe hanyar ruwa a garka. Daga nan ciwon zuciya yake tasowa, ko shanyewar rabin jiki. Ba ya yin zafi, ba ya sa zazzaɓi. Sai an auna jini ake gane shi.

Ita kuma tafarnuwa, in an daka ta ɗanya, wani abu mai ƙarfin wari yana fitowa. Sunan sa alisin. Masana a Amirka suka fara ware shi a 1944. Dahuwa mai tsawo tana rage shi.

A 2007 jami'ar Stanford ta Amirka ta fid da sakamakon wani gwaji. An ɗauki mutum 192 masu ɗan yawan kitsen jini. Wasu suka ci ɗanyar tafarnuwa, wasu suka sha ƙwayoyin ta, wasu aka ba su abin da babu tafarnuwa a ciki. Bayan wata 6 aka auna. Mugun kitsen bai ragu ba yadda za a ce an ga amfani. Wasu gwaje-gwajen sun ga ya ɗan sauka, hawan jini ma ya ɗan sassauta ga masu shi. Amma raguwar kaɗan ce, ba ta kai ta maganin likita ba.

Haɗarin yana nan: mai hawan jini ya ajiye maganin da aka rubuta masa, ya koma ga kwalbar kasuwa. Ya ji garau, alhali jini yana ta hawa. Ran da ya faɗi, wa zai yi masa noma? Wa zai kai shanu rijiya?

Akwai kuma masu yin hattara. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa aiki a asibiti, su gaya wa likita kafin su sha ƙwayoyin, don suna iya sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Ɗanyar tafarnuwa in an ɗaura ta a fata tana ƙuna, balle fatar yaro.

Abin da ya fi kare zuciya ba sai da kuɗi ba. A rage gishiri da dunƙulen magi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya. A rage kitse da man shanu. A bar taba. Wanda ya zo kasuwa ya ratsa gidan likita a auna masa jini.

Da la'asar kasuwa ta fara watsewa, amalanke suka kama hanyar Shikal da Luma. Tun bayan farin 1984 aka ƙarfafa noman rani a Nijar. Mai garka a Dallol ya gwada fangali ɗaya na tafarnuwa da sanyi, ya sami ta miya ba da saye ba. Akuya kuwa a bar ta a garke, kada a sai da ta don kwalba.

Allah ya ƙara wa Kurfai lafiya da damina mai albarka.