Littafin buƙatu na Kawu

Har yanzu ina ajiye da wani littafi mai bangon kwali, irin wanda masu tireda suke rubuta bashi a ciki. Shi ne abin da ya rage mini daga takarar da kawuna ya yi har sau biyu, yana neman kujerar Majalisar Dokokin Jihar Kano. Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa da alli a hannu, ya yi ritaya yana hedimasta. Aikina a tawagarsa shi ne in rubuta duk abin da aka roƙe shi a inda muka sauka, domin a ganinsa wanda bai rubuta alkawari ba, tun farko bai yi niyyar cika shi ba.

Takarar farko, a ƙarshen 2014, ba ta ma kai gaban jama'a ba. A zaɓen fid da gwani ta tsaya. Kawu ya sayar da gonar gado ya yanki fom, ya bi daliget gida-gida, kowa ya karɓe shi da fara'a yana cewa ai Malam ne ya koya masa karatu. Ana jibi zaɓe aka kwashe su zuwa wani masauki a birni, wayoyinsu suka daina shiga. Da aka ƙirga ƙuri'u, nasa ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Gabanin zaɓen 2019 sai ya koma wata ƙaramar jam'iyya inda tikiti ba shi da tsada, muka shiga ƙauyuka. A nan littafin ya cika. Rijiyar burtsatse, taransifomar da ta ƙone, rufin aji biyu da iska ta yaye, kuɗin tiyata, kayan ɗakin marainiya, takardar ɗaukar aiki, kujerar Makka. Na sha bin shafukan daga farko zuwa ƙarshe, ban sami layi ɗaya da ya shafi doka ko kasafin kuɗi ba.

Alhali aikin kujerar ke nan. Majalisar Kano mambobi 40 gare ta, adadi mafi yawa da Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yarje wa jiha. Gwamna ba shi da hurumin kashe kuɗin jiha sai sun amince da kasafi. Su suke tantance kwamishinoni, su suke yin dokar tafiyar da ƙananan hukumomi, kuma gyaran kundin ƙasa ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun yarda. Majalisar tsohuwar Jihar Kaduna ce ta tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981. Tamu ta Kano ce ta raba masarauta gida biyar a 2019, wata majalisar kuma ta soke dokar a watan Mayun 2024.

Kawu yakan yi wa mutane wannan bayani tamkar yana gaban allo. Wata rana a gindin wata tsamiya, bayan ya gama, wata tsohuwa ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, mun ji karatu. To ita dokar nan, in na riƙo ta, a wane kemis za a karɓa a ba ni maganin jikana?" Aka yi dariya. Kawu ya ce, "Iya, in dokar ta yi aiki, a asibitin garinku za ki sami maganin." Ta ce, "Allah ya nuna mana. Amma yaron yau yake zazzaɓi."

Na daɗe ina ɗaukar maganarta a matsayin shaidar rashin wayewa. Yanzu na sauya ra'ayi. Tsohuwar nan ta ga majalisu sun zo sun wuce, asibitin garinsu bai sauya ba. Abin da ta taɓa riƙewa a hannu daga gwamnati shi ne atamfa da sabulun lokacin kamfe. Lissafinta daidai yake da abin da ta gani. Sai dai lissafin yana da farashi: ɗan takarar da zai iya biyan buƙatun littafina dole wani ya ɗauki nauyinsa, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ranar da kasafi ya zo gabansa, ba tsohuwar zai tuna ba.

Ranar 9 ga Maris 2019 aka yi zaɓe, rana ɗaya da na gwamna. Hankalin kowa yana kan babbar kujera, magoya baya suna ta kiran a yi sak. Kawu ya ci akwatin ƙofar gidansa da wasu 'yan kaɗan, shi ke nan. Bai sake tsayawa ba, gonar kuma ba ta dawo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba faɗuwar ba ce. A duk tsawon tafiyar, mu da muke iya karanta kasafi, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, babu wanda ya zauna ya tambayi Kawu me zai yi da shi. Abokaina da suka kira ni, ƙannensu suke nema wa aiki, kuma sunayensu suna cikin littafin, shafi ɗaya da na tsohuwar. Bayan na koma gida na tambayi abokan aikina shida sunan wakilinsu a majalisar jiha. Biyu ne suka sani, kuma ɗayansu surukinsa ne.